Uku da Ɗaya: Yadda Ƙungiyar Hakeem Olajuwon Ta Tsallake Rijiya da Baya a 1995

Yau zan ɗan kauce daga maganar kasuwa da ta zaman unguwa da muka saba, in yi zancen ƙwallon kwando. Na san mafi yawanmu idan ba Arsenal ko Chelsea ko Barcelona aka ambata ba, ba sa jin an fara maganar ƙwallo, to amma a yi mini haƙuri, akwai dalili.

Ƙanena yana cikin wata 'yar ƙungiya ta yaran unguwarmu a nan Agege, galibinsu 'ya'yan Hausawa, waɗanda suka shiga gasar hutu da yaran maƙwabta suka shirya a filin wata makaranta. Tsarin shi ne a kara sau biyar, wanda ya fara cin uku ya wuce. An yi biyu, an cinye su duka biyun, kuma a na biyun har da ihu daga 'yan kallo wai "aboki" ya koma shago ya sayar da goro. Da daddare ya dawo gida ya ce shi da abokansa biyu ba za su je wasa na uku ba, tunda babu abin da ya rage sai kunya. A lokacin na rasa abin da zan ce masa. Sai daga baya na tuna da wani tarihi da na daɗe ina kallon tsofaffin bidiyonsa a YouTube, tarihin da ya faru tun ba a haife ni ba, na wani haifaffen Ikko wanda shi ma a gidan 'yan kasuwa ya tashi.

An haifi Hakeem Olajuwon a Ikko a watan Janairun 1963. Bayerabe ne, Musulmi, iyayensa suna sana'ar siminti. Gola yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Bai fara ƙwallon kwando ba sai yana da kimanin shekara 15, lokacin da makarantarsu, Muslim Teachers College, ta shiga gasar wasannin makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato, aka roƙi a aro shi daga cikin 'yan ƙwallon hannu. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston da ke jihar Teksas a Amurka. A 1984, ranar da ƙungiyoyin NBA ke zaɓar sabbin 'yan wasa, shi aka fara ɗauka, Michael Jordan ya zo na uku. A 1994 kuma ya ciyo wa Houston Rockets kofinta na farko. Wannan duk sananne ne. Shekarar da ta biyo baya nake so mai karatu ya duba tare da ni.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, kowace ƙungiya a NBA tana buga wasa 82 a kaka, sannan takwas daga yankin gabas da takwas daga yankin yamma su shiga zagayen fidda gwani. A nan ba wasa ɗaya ake yi a sallami mutum ba. Ƙungiyoyi biyu ne za su yi ta karawa, wani lokaci a gidan wannan wani lokaci a gidan wancan, har ɗaya ta ci huɗu cikin bakwai (a wancan zamani zagayen farko uku cikin biyar ne, sai a 2003 aka mai da shi bakwai). Wadda ta fi yawan nasara a kaka ita ke da gida a wasan farko da na ƙarshe. Ke nan idan aka ce an yi maka uku da ɗaya, sau ɗaya ya rage a cinye ka ka tattara kayanka, kai kuwa sai ka ci uku a jere. Kafin 1995 sau huɗu kacal aka taɓa fita daga wannan rami: Boston a 1968 da 1981, Los Angeles Lakers a 1970, sai Washington a 1979.

Houston ta shiga kakar 1994-95 da kofi a hannu, amma tafiyar ta ƙi daɗi. A watan Fabrairun 1995 aka dakatar da Vernon Maxwell wasa goma saboda ya haura wajen 'yan kallo a Portland ya naushi wani. Ranar 14 ga watan shugabannin ƙungiyar suka yi wata musaya da ta ba mutane mamaki: suka ba da Otis Thorpe, ƙaton da ke taya Hakeem kokawa a ƙarƙashin kwando da cafke ƙwallon da ta ƙi shiga, suka karɓo Clyde Drexler daga Portland, abokin Hakeem tun jami'a, mai shekara 32, wanda ya je wasan ƙarshe sau biyu bai ɗauki kofi ba. Watan ya zo daidai da Ramadan, Hakeem yana wasa da azumi a bakinsa, kuma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon watan. Daga baya ƙarancin jini ya zaunar da shi wasa takwas. Carl Herrera, wanda ake sa ran zai toshe gurbin Thorpe, ya goce a kafaɗa. Bayan zuwan Drexler sun ci 17, an ci su 18. Suka ƙare kaka da nasara 47 da rashin nasara 35, na shida a yamma, matakin da babu wanda ya taɓa ɗaukar kofi daga kansa. Shi kuwa Maxwell, ana gama wasan farko na fidda gwani ya bar ƙungiyar, don bai ji daɗin yadda Drexler ya karɓe masa wuri ba.

To me ya rage musu? Abu ɗaya, kuma a kansa koci Rudy Tomjanovich ya gina komai. Za a jefa wa Hakeem ƙwallo a gefen kwando, ya juya wa mai tsaronsa baya, sauran su watse can nesa bayan layin maki uku su tsaya. Idan aka bar mutum ɗaya da Hakeem, ya gama da shi, domin ƙafafun nan na gola ne: ya yi kamar zai juya dama, mai tsaro ya daka tsalle, shi kuma ya bi hagu. Idan aka turo mutum na biyu, to an bar wani a can waje ba mai gadi, Hakeem ya miƙa masa, ya jefa ta maki uku. Ya zama ƙadangaren bakin tulu ke nan. Dokar wancan lokaci ma ta taimaka, domin ba a yarda mai tsaro ya tsaya tsaka-tsaki yana gadin fili ba, ko dai ka bi mutuminka, ko ka je gaba ɗaya wajen mai ƙwallo (an soke wannan doka a 2001). Bugu da ƙari a wannan kakar ce aka matso da layin maki uku daga ƙafa 23 da inci 9 zuwa ƙafa 22. Abin da na daɗe ban gane ba sai da na maimaita kallo shi ne, tafiyar Thorpe da ake gani asara ce, ita ta ƙara buɗe filin. Thorpe ba ya jifa daga nesa, don haka mai tsaronsa yakan kasance kusa da Hakeem. Waɗanda suka tsaya a wurinsa kuwa, Pete Chilcutt, daga baya kuma Robert Horry, suna jifa daga nesa, dole mai tsaro ya bi su waje. Sun rasa ƙarfi a ƙarƙashin kwando, sun san sun rasa, ba su kuma ɓata lokaci wajen neman abin da ba su da shi ba.

A zagayen farko suka haɗu da Utah Jazz ta su Karl Malone da John Stockton, mai nasara 60. Utah ta shiga gaba biyu da ɗaya. A wasa na huɗu Drexler ya ci maki 41, Hakeem 40, a na biyar kuma suka je har gidan Utah suka ci 95 da 91. Wannan ke nan.

Sai Phoenix Suns, mai nasara 59, ta su Charles Barkley da Kevin Johnson. Akwai tsohuwar jiƙaƙƙa a tsakaninsu. A 1994 Phoenix ta je Houston ta ci wasa biyu na farko, a na biyun ma Houston tana gaba da maki 20 a zangon ƙarshe ta bari aka kamo ta, har jaridar garin ta yi musu laƙabi da garin masu shaƙewa idan abu ya yi zafi. Amma Houston ta dawo ta fitar da su a wasa na bakwai. Saboda haka a 1995 Phoenix ta zo da ramuwar gayya. Wasa na farko 130 da 108. Na biyu 118 da 94. Wato ba cin su kawai aka yi ba, lallasa su aka yi. Da aka koma Houston suka rama da 118 da 85, ranar da Barkley ya yi jifa goma babu wadda ta shiga, mutane suka ce an farfaɗo. Sai ga Kevin Johnson a wasa na huɗu ya zuba musu maki 43 a gaban 'yan garinsu, aka tashi 114 da 110. Uku da ɗaya, kuma biyu daga cikin ukun da suka rage a Phoenix za a yi su.

Mutane sun fi tuna wasa na bakwai, amma ni a wajena na biyar ne labarin. Drexler ya wayi gari da zazzaɓin mura mai tsanani, bai kamata ma ya sa riga ba. Ya shiga fili, babu jifansa ko ɗaya da ya shiga kwando daga cikin wasa, maki 4 kawai ya samu. To amma tsayuwarsa kaɗai ta yi aiki, domin babu kocin da zai ce wa yaronsa ya bar Drexler ya je ya taya tsaron Hakeem. Wasan bai yi kyan gani ba, turereniya ce da kuskure daga kowane ɓangare, kuma hakan ya fi yi wa Houston daɗi, tunda a guje-guje ne Phoenix ta cinye su a wasanni biyun farko. Mutane irin su Chucky Brown, wanda a tsakiyar kakar aka ɗauko shi daga ƙaramar gasa da kwantiragin kwana goma, su suka riƙe wuta. A mintunan ƙarshe Phoenix tana gaba, aka yi wa Barkley ƙeta, aka ba shi jifan kyauta, wanda yake kamar fanareti a ƙwallon ƙafa, ba mai tare ka. Ya zubar da wasu daga ciki. Saura kimanin daƙiƙa takwas Hakeem ya farke, aka yi kunnen doki 92 da 92. Phoenix ta samu jifa na ƙarshe, matashi Wesley Person ya saki ta maki uku, ƙwallo ta taɓa bakin kwando ta fito. A ƙarin lokaci Houston ta ci 103 da 97.

Mai karatu ya lura, da wannan ƙwallo ta Person ta shiga, da babu wannan rubutu. Zan dawo kan wannan.

Daga nan nauyin ya canza kafaɗa. Houston ta koma gida ta ci na shida 116 da 103 ba tare da wata wahala ba, su kuma 'yan Phoenix suka fara tuna bara. Ranar 20 ga Mayu 1995 aka yi na bakwai a Phoenix. Kevin Johnson ya yi wasan da ba a cika ganin irinsa ba, maki 46. Barkley, da gwiwarsa mai ciwo, ya cafke ƙwallo 23 a ƙarƙashin kwando. Phoenix ce a gaba da aka tafi hutun rabin lokaci. Hakeem da Drexler suka ci 29 kowannensu. Saura kimanin daƙiƙa 20 aka ba Johnson jifan kyauta biyu, Houston tana gaba da maki ɗaya. Ya jefa na farko ya shiga, 110 da 110, kuma wannan shi ne na 21 a jere da ya jefa a ranar bai kuskure ba. Na 22 ya ƙi shiga.

Abin da ya biyo baya na kalle shi ya fi sau ashirin. Phoenix ta yi wa Kenny Smith taron dangi tun daga nasu ɓangaren fili don kada ya kawo ƙwallo. Ya miƙa wa Horry a tsakiya. Horry ya ɗaga kai ya hango Mario Elie shi kaɗai a kusurwar hagu, ya wurga masa. Mutumin Phoenix da ya fi kusa da Elie shi ne Danny Schayes, dogo mai shekara 36, wanda aikinsa tsaron Hakeem ne. Idan ka tsayar da bidiyon a nan za ka ga mutum a tsakanin kura da sayaki: ya je wajen Elie ya bar Hakeem a ƙarƙashin kwando, ko ya tsaya. Ya yi jinkiri na ƙiftawar ido, Elie ya gyara tsayuwa ya saki. Saura daƙiƙa 7.1, 113 da 110. Elie ya juya wajen bencin Phoenix ya hura musu sumba da hannu. Aka tashi 115 da 114.

Hakeem bai taɓa ƙwallo a wannan hari ba, amma tsoronsa ne ya ci kwandon. Shi kuma Elie ba wani tauraro ba ne. A 1985 shi ne mutum na 160 da aka zaɓa, bai samu wuri ba, ya yi ta yawon neman abinci da ƙwallo a Ailan da Ajantina da Fotugal da ƙananan gasannin Amurka kafin NBA ta karɓe shi. Duk wanda ya taɓa barin gida ya zo Kurmi ci-rani ya san irin wannan tafiya.

Sauran zan taƙaita. Suka haɗu da San Antonio Spurs mai nasara 62. Kafin wasa na biyu aka miƙa wa David Robinson kyautar gwarzon shekara a gaban Hakeem, wanda shi ya riƙe ta bara, Hakeem ya zuba masa maki 41 a daren. Huɗu da biyu. A wasan ƙarshe Orlando Magic ta su Shaquille O'Neal ta yi gaba da maki 20 a karawar farko, Nick Anderson ya zubar da jifan kyauta huɗu a jere a daƙiƙun ƙarshe, Kenny Smith ya farke da ta maki uku, Hakeem ya tura ta nasara a ƙarin lokaci saura daƙiƙa 0.3. Orlando ba ta ƙara tashi ba, huɗu da nema. Houston ta fitar da ƙungiyoyi huɗu masu nasara sama da 50 kowacce, ta ci wasa tara a waje. Masu cewa don Jordan ba ya nan ne, su tuna ya dawo a watan Maris na 1995, kuma wannan Orlando ɗin ce ta fitar da shi.

Ranar da aka ba su kofi Tomjanovich ya ja kunnen masu shakka da kada su ƙara raina zuciyar zakara, kuma har yau da wannan magana ake ba da labarin. Ban ƙi ta ba, amma ita kaɗai ba ta gamsar da ni. Kevin Johnson ba shi da zuciya ne, mutumin da ya ci 43 da 46? A ganina Houston tana da abu ɗaya da ta fi kowa iyawa, kuma da aka matse ta ba ta sake shi ta kama wani ba. Ƙungiyar da ake ci yawanci takan ruɗe, kowa ya ce bari ni in cece mu, a yi ta jifa barkatai. Su kuwa ko suna baya da maki goma sai ƙwallo ta bi ta hannun Hakeem, shi ya sa ƙananan 'yan wasa suka san inda za su tsaya da lokacin da za ta iso su. Sannan akwai sa'a, kada mu yaudari kanmu. Danny Manning, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan Phoenix, ya ji rauni a gwiwa tun Fabrairu, bai buga ko wasa ɗaya a wannan karawa ba. Ga gwiwar Barkley, ga ƙwallon Person, ga jifan Johnson na 22. Illa dai ita sa'ar ba ta amfanar wanda aka riga aka ba ratar maki 20. Sai kana kusa a mintin ƙarshe kuskuren abokin karawa ke zame maka riba, kuma aikin da Houston ta yi a wasa na biyar ke nan, ta ƙi bari a yi mata nisa.

Haka abin ya kasance a 2016, da Cleveland ta fito daga uku da ɗaya a wasan ƙarshe a hannun Golden State mai nasara 73. An dakatar da Draymond Green a wasa na biyar, LeBron James da Kyrie Irving suka ci 41 kowannensu a gidan Golden State, daga nan tafiyar ta juya. Zuwa ƙarshen kakar 2025 sau 13 aka fita daga uku da ɗaya a tarihin NBA. Daga uku da nema kuwa babu wanda ya taɓa fita, ko Boston da ta farke uku a 2023 ta faɗi a na bakwai a hannun Miami.

Da na gama ba ƙanena wannan labari a shago, muna kallo a wayata, sai ya ce ai su nasu biyu da nema ne cikin biyar, ba irin na Houston ba ne. Gaskiyarsa. Sai na nemo masa na Denver Nuggets a 1994, ta takwas a yamma, wadda Seattle mai nasara 63 ta cinye sau biyu a jere a karawar uku cikin biyar. Denver ta ci uku da suka rage, na ƙarshen a gidan Seattle cikin ƙarin lokaci, kuma dogon da ya tsare musu kwando ɗan Afirka ne, Dikembe Mutombo na Kwango, wanda ya rasu a 2024. Akwai hotonsa yana kwance a ƙasa ya rungume ƙwallo bayan an tashi.

Na je wasansu na biyu, na ga abin da ya faru. Suna da wani yaro dogo, ɗan gidan masu sayar da albasa, wanda babu mai tsawonsa a ɗaya ɓangaren. Da aka ba su ratar maki takwas, an fi minti goma ƙwallo ba ta taɓa hannunsa ba, kowa ya karɓa sai ya jefa daga inda yake, har da ƙanen nawa. Yaron ba Hakeem ba ne, kuma a filin makaranta babu dokar da ta hana mutum uku su kewaye shi. Amma idan uku suka kewaye shi, biyu daga cikin namu suna tsaye ba mai gadi. Abin da na gaya masa ke nan, na ce ya gaya wa sauran.

Bai ce mini komai ba, ya ci gaba da jera goro. Yau da safe dai na ga takalmansa na wasa a kan katanga, an wanke an shanya. Ranar Asabar bayan la'asar ne wasa na uku, kuma Baba ya yarda in bar shago da wuri.